Babi na Shida: Wa Zai Ɗauki Nauyin Tsufan Malami?

Matafiyin da ya tashi daga Zariya da hantsi, ya bi ta Kano, ya sauka a Dutse kafin la'asar, ya ratsa sassan jihohi uku masu harshe ɗaya da al'ada ɗaya. Amma malaman makarantun da ya wuce a gefen hanya, makomarsu ba ɗaya ba ce ranar da za su ajiye alli. Malamin firamare na Zariya yana da asusu mai sunansa da lambarsa a wani kamfani. Duk wata ana yankar wani abu daga albashinsa a zuba, gwamnati ta ƙara nata, abin da ya taru kuma shi ne rabonsa. Takwaransa na Kano shi ma ana yankar albashinsa, sai dai kuɗin na tafiya ne cikin babban asusu guda na ma'aikatan jihar baki ɗaya, doka kuma ta riga ta faɗi abin da za a ba shi tun kafin furfura ta fito masa. Na Dutse tsarinsa irin na Kano ne a rubuce, amma labarin da 'yan fansho suka daɗe suna bayarwa a garuruwan biyu ya sha bamban. Sojan da ya tsayar da motar a shingen bincike kuwa, ko kwabo ba a cire masa. Baitulmalin tarayya ne ya ɗauki nauyin tsufansa ɗungurungum.

Fiye da shekara 20 ke nan ana jayayya a Najeriya kan wanne ya fi cikin waɗannan tsare-tsare. Ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan fansho suna kewar tsohon tsari. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, da masana harkar kuɗi suna kare sabon. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a iya ture ta da hannu ɗaya. Abin da hayaniyar ke rufewa shi ne, duk tsarin fansho na duniya haɗari uku yake rabawa: tsawon rai, faɗuwar darajar kuɗi, da saɓa alkawarin wanda ya ɗauke ka aiki. Bambancin wani tsari da wani yana ga wanda aka ɗora wa kowanne daga cikin ukun.

Alkawarin 1979

Fanshon ma'aikatan gwamnati a Najeriya ya samo asali daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1951, wadda aka mayar da fara aikinta baya zuwa Janairun 1946. Amma tsarin da dattawan yau suke nufi idan sun ce "tsohon fansho" shi ne na dokar soja mai lamba 102 ta 1979. Ma'aikaci ba ya zuba komai. Idan ya cika shekara 60 a duniya, ko 35 a bakin aiki, sai ya ajiye. Bayan gyare-gyaren farkon shekarun 1990, wanda ya yi shekara 5 yana da giratuti, wato kuɗin sallama, wanda ya yi 10 yana da fansho. Wanda ya cika 35 cif yana karɓar giratutin albashin shekara 3 a dunƙule, sannan duk wata a ba shi kashi 80 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe har ranar da ya koma ga Mahaliccinsa.

An yi wannan alkawari ne lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, ma'aikata matasa ne, masu ritaya kuma 'yan kaɗan. Babu wani asusu da ake tarawa. Kowace shekara sai an jira kasafin kuɗi ya ware abin da za a biya. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, aka yi ta ƙirƙiro jihohi da ƙananan hukumomi, yawan ma'aikata ya ninka, sai fansho ya koma layin baya a kowane kasafi. Zuwa 2004 an ƙiyasta bashin fanshon ma'aikatan gwamnati ya kai wajen naira tiriliyan 2.

Waɗanda suka ga wancan zamani ba su manta da layin tantancewa ba. Tsofaffi su taso daga ƙauyuka da takardunsu a leda, su kwana a harabar ofis don a tabbatar suna raye, wasu su yanke jiki su faɗi a kan layi. A gefe guda kuma takardar biya cike take da sunayen 'yan fansho na bogi. Wannan ɓarna ba ta tsaya ba ko bayan an sauya doka, domin ofisoshin tsohon tsari sun ci gaba da biyan waɗanda suka riga suka yi ritaya. A 2013 wata kotu a Abuja ta ba John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, zaɓin tarar naira 750,000 bayan ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin naira. Hukuncin ya tayar da ƙura, har kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin shekara 6 a 2018, tare da umarnin ya biya naira biliyan 22.9. A Nuwamban 2021 aka yanke wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, ɗaurin shekara 8. Duk mai kewar tsohon tsari sai ya haɗa da wannan babi a lissafinsa.

Adashin gata

A Yunin 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a dokar gyaran fansho, bayan aikin wani kwamiti da Fola Adeola ya jagoranta. Aka kafa PenCom, Muhammad K. Ahmad ya zama babban daraktanta na farko. Samfurin kuwa daga ƙasar Chile aka ɗauko shi, inda gwamnatin Janar Pinochet ta ɓullo da asusun kowa-da-nasa a 1981.

Tsarin, wanda kafofin labarai ke kira adashin gata, ya tsaya a kan ƙafa uku. Ma'aikaci yana da asusun ajiyar ritaya da ke bin sa duk inda ya koma aiki. Kamfanin kula da fansho, wato PFA, shi ke juya kuɗin, amma ba ya riƙe su a hannunsa, wani kamfani ne daban yake ajiye su. PenCom kuma tana sa ido a kan duka biyun. Da farko ma'aikaci na zuba kashi 7.5 cikin 100, mai ɗaukar aiki ya zuba 7.5. Dokar 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta ɗaga su zuwa kashi 8 da kashi 10, jimilla 18. Dokokin biyu kuma sun wajabta inshorar rai ta ninkin albashin shekara sau 3, don iyalan wanda ya rasu yana bakin aiki.

Ta wasu fuskoki tsarin ya cika alkawari. Kuɗin da suka taru sun haura naira tiriliyan 22 a ƙarshen 2024, masu asusu sun zarce miliyan 10. Manyan shari'o'in satar fansho da suka girgiza ƙasa duk daga ofisoshin tsohon tsari suka fito. Wanda asusunsa ya kammala yana samun alat duk wata ba tare da ya san kowa a ma'aikata ba. Sai dai ƙorafin masu ritaya a ƙarƙashinsa kalma uku ce: bai isa ba.

Abin da alƙalami ya nuna

Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna dalilin da tsohon tsari ya durƙushe, da kuma dalilin da sabon yake matse mutane. A ƙaddara malami ya yi shekara 35 yana aiki, darajar albashinsa ba ta sauya ba, ribar da asusunsa ke samu kuma daidai take da hauhawar farashi, ba ta fi ba, ba ta gaza ba. Kashi 18 cikin 100 sau 35 ya ba da albashin shekara 6 da 'yan watanni. Idan ya rayu shekara 18 bayan ritaya, abin da zai riƙa samu duk wata bai wuce kashi 35 na albashinsa ba. Idan kuma ya cire rubu'in kuɗin a dunƙule don ya kammala gini ko ya aurar da 'ya'ya, abin ya sauko kusan kashi 26.

Yanzu a juya ga alkawarin 1979. Kashi 80 na albashi har shekara 18, a haɗa da giratutin shekara 3, ya kai albashin shekara 17 da ɗoriya. Kafin a tara wannan cikin shekara 35, sai an riƙa ware kusan rabin albashin ma'aikaci duk wata. Babu gwamnatin da ta taɓa ware haka.

Tsakanin shekara 6 da shekara 17 akwai rami, kuma a cikinsa rigimar take. Masu kare sabon tsari suna cewa ribar juya kuɗi ce za ta rage zurfinsa. Haka ne, in ribar ta riƙa gudu fiye da farashin kaya. Amma fiye da rabin kuɗin fansho a takardun lamunin gwamnatin tarayya ake zuba su, kuma an sha yin shekarun da ribarsu ta gaza hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Lokacin da aka fara tsarin, dala ɗaya tana wajen naira 130. Bayan shekara 20 ta wuce 1,500. Malamin da aka yanki albashinsa a 2005, kuɗin buhun shinkafa aka cire masa, ba lalle ne abin da ya tarar a asusun ya sayi rabin buhu ba.

Tsohon tsari ma bai tsira daga wannan ba. Sashe na 173 da na 210 na tsarin mulkin 1999 sun ce a riƙa duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Jihohi da dama sun yi biris da wannan shekara da shekaru, shi ya sa aka samu tsofaffin malamai masu karɓar abin da bai kai kuɗin mota zuwa banki ba. Kaduna ta mayar da mafi ƙarancin fansho naira 30,000 a 2020. A Kano naira 5,000 ne har zuwa 2024, lokacin da aka ɗaga shi zuwa 20,000.

Sai kuma matsalar waɗanda sauyin ya riska a tsakiyar aiki. Shekarun da suka yi kafin sabuwar doka bashi ne a kan gwamnati, wanda ya kamata ta zuba musu a asusu ranar ritaya. Ƙa'ida kuma ta daɗe tana cewa ba a taɓa asusun sai wannan kaso ya shigo. Don haka mutum na iya ganin kuɗinsa a takarda, ya shafe shekara ko fiye yana zaune ba albashi, ba fansho. Sai a Fabrairun 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da takardun lamuni na kimanin naira biliyan 758 don share irin waɗannan basussuka.

Masu ƙarfi sun fice

Babu hujjar da ta fi yi wa masu kare adashin gata nauyi kamar jerin sunayen waɗanda ba sa cikinsa. Alƙalai tun farko tsarin mulki ya keɓe su. A 2011 aka yi wa doka gyara, sojoji da jami'an leƙen asiri suka fita suka koma wa baitulmali. Manyan sakatarorin tarayya da farfesoshin jami'a suna da tanadin ritaya da cikakken albashi. A 2023 ma'aikatan majalisar dokoki ta ƙasa, wato masu hidimar majalisar da ta yi dokar, suka samu nasu ficewar. 'Yan sanda an kafa musu kamfanin fansho nasu na kansu don a rarrashe su, amma ba su rarrasu ba. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi dafifi a Abuja suna neman a cire su.

Gwamnoni ma ba a bar su a baya ba. Jihohi da yawa sun yi wa tsofaffin gwamnoninsu dokar fansho mai haɗe da gidaje da motoci. Ta Zamfara ta fito fili a 2019, lokacin da wasiƙar tsohon gwamna Abdulaziz Yari ta neman a biya shi alawus ɗin naira miliyan 10 a wata ta bazu, majalisar jihar kuma ta soke dokar a watan Nuwamba.

PenCom tana da amsa, kuma amsar ba ta banza ba ce. Duk rukunin da ya fita, nauyinsa ya koma kan kasafin kuɗin da ya riga ya gaza a baya, kuma in kowa ya fita an koma gidan jiya, layin tantancewa da sunayen bogi. Malami kuma yana da tasa tambayar: in maganin yana da kyau haka, me ya sa masu rubuta shi ba sa sha?

A Chile ɗin ma sojoji ba su shiga tsarin 1981 ba. A 2016 dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Santiago suna kukan ƙarancin fansho, gwamnatoci kuma suka yi ta ƙara tallafi daga baitulmali ga waɗanda asusunsu bai taka kara ya karya ba. A Amurka, jihar West Virginia ta mayar da sababbin malamanta tsarin asusun kowa-da-nasa a 1991. Da aka ga abin da ya taru wa yawancinsu ba zai riƙe su ba, aka sake buɗe tsohon tsari a 2005, kuma a 2008 fiye da kashi uku cikin huɗu na malaman da aka ba zaɓi suka koma cikinsa. Ghana ta bi hanyar tsakiya da dokarta ta 2008: daga kashi 18.5 da ake tarawa, 13.5 na tafiya hukumar SSNIT mai biyan fanshon wata-wata, kashi 5 kuma asusun da kamfanoni ke juyawa, wanda ake bayarwa a dunƙule.

Kano da Jigawa: doka ɗaya, sakamako biyu

Tun kafin dokar tarayya, Jigawa ta yi nata tunanin. A 2001, zamanin Gwamna Saminu Turaki, ta kafa asusun fansho na ma'aikatan jiha da ƙananan hukumomi. Ma'aikaci na zuba kashi 8, gwamnati 17, jimilla 25, amma abin da za a biya mutum doka ce ta ƙayyade shi bisa albashi da shekarun aiki, giratuti kuma yana nan daram. Ma'aikaci yana taimakawa wajen tarawa, amma haɗarin tsawon rai da na kasuwa ba a wuyansa yake ba. Kano ta kafa irin wannan a 2006, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da kaso iri ɗaya.

Jigawa ta yi suna da biya a kan lokaci. Shekaru da dama hukumarta tana fitar da sanarwar rukunin waɗanda aka sallama, har wasu jihohi suka riƙa tura wakilai su koyo. Sirrin bai wuce abu biyu ba: gwamnatocin da suka biyo baya sun ci gaba da zuba kasonsu, kuɗin kuma an damƙa wa kamfanonin juya kuɗi.

A Kano, ma'aikatu da hukumomi da dama sun riƙa riƙe kason da ya kamata su miƙa. An kuma zuba wani ɓangare na kuɗin asusun a rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo. Masu goyon baya suka ce jari ne, wasu 'yan fansho suka ce an taka doka, maganar ta kai gaban hukumar EFCC da kotu, ta ɗauki shekaru. Gidan da ba a sayar ba kuwa ba ya biyan giratutin kowa. Lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau mulki a 2023, bashin giratuti da haƙƙin mamata ya kai wajen naira biliyan 48, aka fara rage shi kashi-kashi, da naira biliyan 6 a zubin farko.

Amma Jigawa ma lissafi ya cim mata. Kashi 25 sau 35 albashin shekara 9 ne ba kaɗan, alhali alkawarin ya fi haka nesa ba kusa ba. Irin wannan asusu yana numfashi ne da ribar jari da kuma zubin matasan ma'aikata, kamar adashin da in masu kwasa suka fi masu zubi yawa uwar adashi ce ke shiga uku. Da rukunin ma'aikatan farko suka fara ritaya da yawa, ɗaukar sababbi kuma ya ja baya, sai abin da ke fita ya zarce abin da ke shiga. Gwamnatin Umar Namadi ta zuba biliyoyin naira daga baitulmali don asusun ya ci gaba da tsayuwa.

Kaduna ta bi tsarin PenCom daga Janairun 2017, zamanin Nasir El-Rufai, kuma tana cikin tsirarun jihohi, irin su Legas da Edo, da hukumar ke yabawa. Jihohi da yawa kuwa sun yi dokar sun ajiye a durowa. Wasu sun yi abin da ya fi haka muni, suna yankar albashi ba sa zubawa a asusun kowa. Neja ta fara tsarin, ta dakatar a 2015, sannan ta sake komawa bayan shekaru, ta bar ma'aikata da giɓi a asusunsu.

Malamin firamare

A cikin duk ma'aikatan gwamnati, babu wanda igiyarsa ta fi ta malamin firamare tsawo da rauni. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ce ke kula da aikinsa, albashinsa daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, kason kuma ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha. Idan fanshonsa ya maƙale, jiha ta ce na ƙaramar hukuma ne, ƙaramar hukuma ta ce ba a sakar mata kuɗi ba. Shi ya sa a jihohi da yawa bashin giratuti mafi tsufa na malaman firamare ne da ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Aikin koyarwa kuma yana da siffar da ta sa kowane tsari ke yi wa wasu malamai daɗi, ya cuci wasu. Wanda ya shiga aji da takardar NCE yana ɗan shekara 25, bai fita ba sai da furfura, tsohon tsari ya fi masa, domin da albashin ƙarshe ake lissafi, albashin malami kuma sai a ƙarshen aiki yake ɗan kumbura. Amma wanda ya koyar shekara 7 ya samu aikin banki ko ya koma kasuwa, tsohon tsari ba ya ba shi fansho ko na sisi. Malamar da aure ya kai ta wata jiha, sai ta yi fama da takardun haɗe shekarun aiki. Irin waɗannan, asusu mai bin mutum shi ne gatansu. Haka ma wanda aka sallama ba shiri. Lokacin da Kaduna ta sallami malamai fiye da 21,000 bayan jarrabawar 2017, an ga a zahiri cewa shekara 35 a aji ba tabbas ba ce. A dokar 2014, wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 yana iya cire rubu'in abin da ke asusunsa bayan wata 4, saura kuma ya jira shi.

A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa malamai alkawura, ciki har da ƙarin shekarun aiki. A 2022 ya sa hannu a dokar da ta mayar da ritayarsu shekara 65 a duniya ko 40 a aiki. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi murna, jihohi kuma suka riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, wasu da jan ƙafa. Ta fuskar lissafi ƙarin yana taimakon kowane tsari, domin shekarun zubi sun ƙaru da 5, na karɓa sun ragu. Amma ɗokin da malamai suka nuna yana da wata fassarar. Mutumin da ya tabbata fanshonsa na jiransa ba ya roƙon a bar shi ya ƙara shekara 5 a gaban yara 100.

Ɗan zaɓin da ke hannun ma'aikaci

Babban zaɓi, wato wane tsari, majalisar jiha ce ke yin sa. Abin da ya rage wa mai asusu ƙanana ne, amma suna da tasiri.

Na farko yana zuwa ranar ritaya. Ko dai ya bar kuɗin a hannun PFA a riƙa tsakuro masa duk wata, ko ya miƙa su ga kamfanin inshora ya saya wa kansa albashin har abada. A hanyar farko kuɗin nasa ne, suna ci gaba da kawo riba, in ya rasu abin da ya rage ya shiga gado, amma mai tsawon rai yana iya cinye su. A ta biyu kamfani ne ya ɗauki haɗarin tsawon rai, sai dai in mutum ya rasu bayan shekara 10 na farko magada ba su da komai, kuma wanda ya shiga ba ya iya komawa ta farko. A gidan da ke da mata da ƙananan yara, maganar gado kaɗai takan yanke hukunci.

Na biyu ya shafi inda ake zuba kuɗin. Tun 2018 aka raba asusun gida-gida gwargwadon shekarun mutum da haɗarin da zai iya ɗauka. Ma'aikata da yawa a Arewa sun daɗe da damuwa kan kuɗin ruwa, har wasu na ƙyamar ribar da ke shiga asusunsu. A 2021 PenCom ta fito da asusu na 6, wanda ba ya mu'amala da ruwa, ana zuba shi a sukuk da makamantansu, kuma sai mutum ya nema ake mayar da shi can. Tun Nuwamban 2020 ma'aikaci na iya sauya PFA sau ɗaya a shekara, daga 2022 kuma yana iya amfani da rubu'in ajiyarsa a matsayin kafin alƙalami na bashin gida.

Duk waɗannan suna da amfani ne ga wanda ake zuba masa kuɗin. Malamin da ya je ofishin PFA ya karɓi takardar bayanin asusunsa, ya ga watannin da babu zubi, ya fi wanda zai gano haka yana ɗan shekara 65.

Abin da ke kan teburi

Muhawarar ta fara matsawa daga "tsoho ko sabo" zuwa gyare-gyare masu suna. Akwai batun dawo da giratuti a kan adashin gata, wanda PenCom da ofishin shugabar ma'aikatan tarayya suka fara magana a kai a 2025. Akwai mafi ƙarancin fansho da dokar 2014 ta yi alkawari, wanda ya shafe shekaru yana jiran a zuba kuɗi a asusun da zai ɗauke shi. Akwai masu neman a ƙara kason gwamnati ya wuce 10, da masu neman a riƙa cire kason fansho tun daga Abuja kafin kuɗi su isa hannun jiha, yadda ba mai iya riƙe su. Jihohi masu asusun bai-ɗaya irin na Kano da Jigawa kuma suna buƙatar masana lissafin inshora su riƙa auna musu nauyin alkawarinsu a kai a kai, a kuma fitar da sakamakon kowa ya gani.

Sai wata sabuwar da ta kunno kai. A ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. NUT ta daɗe tana fargabar irin wannan rana, domin malamai ba su manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka damƙa albashinsu ga ƙananan hukumomi aka yi ta bin su bashin watanni. Asusun Kano da na Jigawa an gina su ne bisa cire kason ƙananan hukumomi daga wuri guda. In kuɗin suka koma shiga asusu 44 a Kano, 27 a Jigawa, 23 a Kaduna, to sai an bi kowane shugaban ƙaramar hukuma duk wata ya miƙa kason malamansa, a kuma yanke wanda zai gaji bashin giratutin da aka tara a ƙarƙashin asusun haɗin gwiwa. Wannan aiki ne da ke gaban majalisun jihohin uku, da NUT, da hukumomin fanshonsu.